Layin tireloli ya gajarta

Litinin, 3 ga Maris
Na hau mangwaro da safe kamar kullum in duba wa Dada layin tireloli, don da tsawonsa take auna garin tuwo. Da can wutsiyarsa har bayan coci take kaiwa, direbobi su kwana uku a bakin iyakar Aflao suna cin tuwonmu da miyar kuɓewa. Yau ko gidan mai bai kai ba. Na sauko na faɗa mata, ta mayar da babbar tukunya ƙarƙashin benci.

Laraba, 5 ga Maris
Rediyo na ta murna wai wata ƙasar ta sake shiga yarjejeniyar cinikin nan, kaya za su riƙa wucewa ba haraji ba ɓata lokaci. Wani mai muryar ƙoshi ya ce kowa zai amfana. Kowa! Ya zo ya cinye tuwon jiya da ya yi tsami mana.

Asabar, 8 ga Maris
Dada ta ce in har Ista ta zo a haka, za ta rufe rumfa ta tura ni Tema, shagon ƙanwarta. Makaranta kuma sai wata rana. Na ce, "Dada, saura shekara ɗaya fa in gama." Ta ce, "Sedinam, shekarar za mu dafa?" Na tsani yarjejeniya. Na tsani Tema. Na tsani wanda ya ƙirƙiro sa hannu.

Alhamis, 13 ga Maris
Kodjovi ya wuce. Direban nan na Lome mai jar tirela, wanda yake zama a ƙarshen bencinmu yana neman ƙarin barkono. Ban taɓa iya ce masa komai ba sai "ga ruwa". A littafin da nake karantawa, saurayin ya bar jirgi ya tashi saboda yarinyar. Wannan ko birki bai taka ba. Ya danna hon, sai hayaƙi.

Litinin, 17 ga Maris
Sabuwar dabarar Dada: tunda ba sa zama, mu bi su. Za ta riƙa turara abolo, wainar masarar nan, a ganye, ta soya ƙananan kifi, ni in tsaya a tudun rage gudu bayan an tashi daga makaranta. A can ba a miƙawa. Ihu ake, ka jefa ƙunshi ta taga, direba ya wurgo kuɗi. Ni da malami ke cewa in ɗaga murya in ana kiran suna!

Asabar, 22 ga Maris
Abin kunya. Na ce "abolo" ni kaɗai na ji. Da na daure na jefa, ƙunshin ya bugi ƙofa ya faɗi, taya ta bi ta kai. Mawuse mai sayar da ruwa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke amaryar littafi, wasiƙar soyayya kike aikawa? Ki nufi gaban tagar, motar ce za ta zo ta same shi!" Ban kula ta ba. Dada ta sauko da jakar tafiya ta kakkaɓe, a gabana.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na nufi gaban tagar, ƙunshin ya faɗa ciki. Haushi nake ji da Mawuse ta yi gaskiya.

Asabar, 12 ga Afrilu
Motocin sun fi da yawa, wannan kam ba zan musa ba, sai dai duk a guje. Akwai masu lambobin da ban taɓa gani ba, direbobinsu ko Faransanci ba sa ji. Wani ya nuna bakinsa, na jefa, ya cafe. Wani kuma ya cafe ya ƙara mai bai biya ba. Na bi shi da zagin da ban san na iya ba. Mawuse ta ce, "Kai! Ashe akwai kura a cikin tunkiyar nan."

Asabar, 19 ga Afrilu
Gobe Ista. Muryata ta dushe. Tire ya ƙare tun rana ba ta faɗi ba, na koma na ɗebo wani. Mawuse ta ce jar tirela ta wuce har ya yi hon, ni ina can ina rigima da wani kan canji, ban ma gani ba. Da na dawo na tarar jakar tafiyar cike da ganyen naɗe abolo. Tafiya Tema ta sha ruwa ke nan. Har yanzu na tsani yarjejeniyar, kar a ce. Littafin yana nan a shafin da na bari. Litinin zan gwada jefawa da hagu.