Kafin Ki Sa Hannu, Kellu

Zuwa ga Kellu 'yar Birni, sanyin idona, gawon da ke ba ni inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe ganye, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, kurciyar da ta bar gidajen bene ta sauka a kan katangata! Uwar Fati da Ado, mai hannun da ko gawayi ya taɓa sai ya yi ƙamshi, ina gaishe ki da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunki.

Na san kin fara murmushi, kina cewa wa ya ara wa baban Fati baki. Shekara goma sha shida muna tare ba ki taɓa jin na jera miki irin waɗannan ba, ni da kike cewa ko yabon miya zan yi sai na fara auna ta da milimita. Ki yi haƙuri da ni yau. Sun daɗe a cikina, kuma abin da zai biyo bayansu ba mai daɗi ba ne, shi ya sa na fara da su.

Kwana goma sha ɗaya ke nan kina kwance a asibitin nan, ban sami ko minti biyu da ke ba. Iya, mahaifiyarki, tana kan tabarma a gindin gado tun safe har a sallami masu dubiya. In ta tashi alwala gwaggonninki biyu suna nan, in sun gusa matan unguwa sun shigo da kwanuka. Ni kuwa suruki ne. Bakin ƙofa nake tsayawa, in cire takalmi, in durƙusa in gaida Iya, in tambayi jikinki ta bakinta, ta ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara, in juya. Taku huɗu ne tsakanina da ke, na ƙirga su, amma da a ce kina Agadas da na fi saurin isa gare ki! Wace irin kewa ce wannan, mutum yana kallon matarsa kullum yana kewarta? Don haka na sa wasiƙar nan cikin babban ambulan ɗin hoton ƙashinki, domin na lura ban da ke ba mai buɗe shi.

Ga abin da ya faru, ba ƙari. Jiya Litinin likita ya kira mu bironsa, wato ofishinsa, ni da wanki Yaya Mala. Ya ɗaga hoton a haske ya nuna mana, ya ce aiki yake ba da shawarar a yi miki a ƙashin baya, ya sa ranar Alhamis. Ya so ya zo ya yi miki bayani da kansa. Yaya Mala ya roƙe shi ya bari, ya ce Iya ta aiko da haka, a gidanku ba a gaya wa majinyaci abin da zai karya masa zuciya, maza ne ke ɗauka su yanke, shi kuma a ce masa da sauƙi. Aka shirya gobe Laraba a kawo miki takardar yarda a ninke, a ce ɗan gyara ne, ki sa hannu. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba, Kellu, so ne irin nasu, haka suka yi wa mahaifinki, haka suka tarar ana yi. Aka miƙo mini alƙalami na sa hannu a layin miji, na fito.

Ban kai bakin titi ba na tuna damunarmu ta farko a Hamdara. Kin tuna? Kina amarya, an kai ki ƙauye, ba kowa sai ni da ma'aunin ruwan saman da aka ɗauke ni aikin dubawa. Aka yi yayyafin da bai kashe ƙura ba, na fito da safe na tarar da milimita talatin da takwas a cikin kwalba. Na tsaya ina kallon ƙasa busasshiya, ina kallon kwalba, ina sosa ƙeya, ke kuwa kina bayan rumbu da buta a hannu, dariya na neman kayar da ke. Da na gane ke kika zuba ruwan, na bi ki, kika zagaya rumbun sau uku ban kama ko bakin mayafinki ba. Ƙafafun nan! Barewa ma da ta gan ki a ranar da ta tsaya koyo. Amma ba gudun ne ya tsayar da ni jiya ba. Abin da kika yi bayansa ne. Da kika ga na ɗauki littafi da gangan kamar zan aika da lambar, dariyarki ta ɗauke, kika ƙwace alƙalamin, kika ce in aka faɗa a rediyo mutane za su fita da irinsu, kuma ba za ki ɗauki alhakin wanda ya yi shuka a kan ƙarya ba. Matar da ta faɗi haka tana da shekara goma sha tara, ita za a miƙa wa takarda a ninke?

To ga lambobin, yadda na ji su, na kuma koma yau da safe na sa likita ya maimaita mini ina rubutawa.

Tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar a ƙasan bayanki akwai wani ɗan faifai mai taushi kamar guringuntsi. Ya fashe ya bulluƙo, yana danne jijiyar da ke sauka ƙafarki ta hagu. Shi ne wutar da kike ji tun daga ƙugu har yatsa. Shi ya sa ƙahon wanzami bai yi ba, shi ya sa mai ɗorin garin Droum ya murza ki a banza. Shi ne kuma dalilin da takalminki na hagu ke zarewa ba ki ji ba. Kin ɗauka ban gani ba. Na gani tun ranar sunan gidan Kaltuma ƙanwarki, na yi shiru don kin yi shiru.

In an yi aikin, za a tsaga wuri kamar tsawon yatsa a cire abin da ya bulluƙo. Likita ya ce cikin mutum goma masu irin naki, wajen takwas wutar ƙafar tana tafiya, wasu tun ranar da suka farka. Ciwon bayan kansa bai yi alkawari a kansa ba, yana iya raguwa, yana iya zama. Ƙarfin ƙafa yakan dawo wa da yawa, a hankali, cikin watanni, wasu kuma ba ya dawowa duka. Wannan shi ne ɓangaren da Yaya Mala zai yarda a gaya miki. Ga wanda ba zai yarda ba. Cikin ɗari, biyu ko uku raunin yakan yi ruwa, a daɗe ana magani. Akwai wata fata siririya da ta lulluɓe jijiyoyin, takan yage wa wasu 'yan kaɗan, sai a ɗinke a kwantar da mutum kwanaki ba ɗaga kai. Wajen ɗaya cikin goma faifan yakan sake bulluƙowa wata rana, ko da bayan shekaru. Ƙasa da ɗaya cikin ɗari jijiyar ce ke taɓuwa, mutum ya farka ƙafar ta fi da lalacewa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Na tambayi likita batun waɗanda ba sa farkawa daga maganin barci. Ya ce ga mai shekarunki da lafiyarki abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Bai ce babu ba, ni ma ba zan ce miki babu ba.

In ba a yi ba kuma, ba hukuncin kisa ba ne. Akwai masu warkewa da magani da hutu da gashi, faifan ya janye da kansa. Da ciwo ne kawai da likita ya ce a jira. Abin da ya dame shi shi ne ƙafar da ta fara saki, don jijiyar da aka daɗe ana dannewa takan kai inda ko an ɗaga mata ba ta tashi. Ba wanda ya san ranar, wata ɗaya ne ko shida. Kuma ya ce in har kika wayi gari fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, to zaɓi ya ƙare, a ranar za a shiga da ke. Na ji nauyin rubuta miki wannan, amma jikinki ne.

Kowace shekara in hadari ya fara leƙowa, Nomau maƙwabcinmu na Hamdara yakan zo ya tsuguna kusa da ma'aunina ya tambaye ni ko ya yi binne. In ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ruwa mai ƙarfi ya zo, ya riga kowa. In yayyafi ne, irin ya tsiro ya ƙone. In ya jira kuma damuna ta gajarta, gero bai nuna ba. Ban taɓa ce masa yi ko bari ba. Nakan buɗe masa littafi in nuna masa shekarun baya, ya tashi yana gunguni cewa ilimina ba shi da amfani. Amma gonarsa ce, shi zai ci, shi zai kwana da yunwa. Ke ma haka. Ba Yaya Mala ba ne zai kwanta a ƙarƙashin wuƙa, ba Iya ba ce za ta ja ƙafa zuwa kasuwa, ba ni ba ne zan tsuguna gaban kasko ina soya turare baya na sara. Da wane ido zan dube ki in kika farka ƙafa ba ta motsi, kika ji na san haka na iya faruwa na sa hannu na yi shiru?

Kada ki ga na jera lambobi ki ce zuciyata dutsen Birni ce. Wayyo Kellu, hasken ɗakina, ruwan randata! Gidan nan tun da kika bar shi ƙamshinki ke raguwa kullum kaɗan kaɗan, har na hana Fati buɗe tagar ɗakinki. Tsoro nake ji. Ina tsoron Alhamis, ina tsoron abin da zai biyo baya in an bar Alhamis ta wuce. Ina da ra'ayina, ba zan ɓoye ba, amma ba zan rubuta shi a nan ba, don na san ki, in kika ji inda na karkata can za ki bi ko da ranki bai so. Ki faɗi naki tukuna, sannan ki tambaye ni.

Abin da zan iya rubutawa shi ne wannan, kuma ba ya cikin lissafin kashi kaza cikin ɗari. In kin ce a yi aka dace, alhamdu lillahi, jarkar ruwa kuma kin gama ɗauka har abada, ko famfo ya shekara bai kawo ba. In kin ce a yi ba a dace ba, ni ne zan ɗaga ki, ni zan yi miki wanka, ni zan zubar da abin da ake zubarwa, ba Kaltuma ba, ba Fati ba, kuma duk mai son ya yi magana a majalisa ya yi. In kin ce a jira, mu jira tare, ba za ki taɓa jin na ce ai da kin yarda ba. Ban auri ƙafafunki ba, ko da yake su suka fara gajiyar da ni.

Yau da na koma wajen likita na karɓi takardar jiya na soke hannuna. Ya ba da sabuwa, layi biyu, ba komai a kansu. Naki ne na sama. Ya kuma yarda gobe bayan la'asar zai biyo ni ɗakinku kafin Yaya Mala ya iso, ki tambaye shi duk abin da kike so, da Hausa ko da Faransancinki na lakwal, na makarantar boko, har ki gaji. Ni kuma ba zan tsaya a bakin ƙofa ba. Zan cire takalmi, in gaida Iya, in ratsa ta gabanta in zauna a bakin gadonki. Gwaggonninki za su riƙe baki, labari zai riga ni isa Birni, za a ce ɗan ƙauyen nan dama ba a gama koya masa kunya ba. Wataƙila Iya ta daina amsa gaisuwata, matar da ta ba ni ke ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Wannan ma na auna shi, na ga zan iya ɗauka.

Sai dai ban yarda da kaina ba, gara in faɗa miki. Tun safe nake gwada taku huɗun nan a tsakar gida, kuma ni mai lafiyayyun ƙafafu biyu tun a taku na farko nake togewa. Don haka ina roƙonki abu ɗaya, ya kurciyata. In kika ga na iso na toge a bakin ƙofa kamar kullum, na fara durƙusawa zan juya, ki kira ni. Ba baban Fati ba. Ki kira ni da sunana, a gaban Iya, a gaban kowa. Shekara goma sha shida ban taɓa jin sa a bakinki ba, kuma na san in na ji ba abin da zai hana ni shigowa.

Naki ne ni, kina tsaye ko kina zaune ko kina kwance, daga yau har ranar da za a auna mini ƙasa daidai tsawona.

Mijinki,
Sha'ibu