Dalmar da Nake Taɓawa da Safar Hannu

Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya jikin Inna, ya mutanen Anka?

Jiya a ɗakin bincikenmu, sabon haɗin da muke shafawa a gilashi ya mai da hasken rana lantarki yadda muka daɗe muna nema. Kowa na murna, ni na kasa cin abinci, don da dalma muka haɗa shi.

Yaya, a nan sai da safar hannu nake taɓa dalma. Amma ni na kawo dutsen zinare mai dalma gidanki, na daka a turminki, Safiyarki tana rarrafe a gefena. Gubar dalmar nan ce ta yi ajalinta.

Ki yafe min, ki yi min addu'a, ki gaida Inna. Allah ya sa Safiya mai ceto ce.

Ƙaninki,
Lawali