Rumfar da Baba Ya Kafa

Zuwa ga Yaya Mamman a Dakar,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina karatu, ina baƙunta? Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, maigidana yana gaishe ka.

Tun da Baba ya ji kasuwanci kake koyo a jami'a, ya kafa maka rumfa kusa da tasa. Ya ɗauka a hannun wani attajiri kake, har ya ɗaure goro a kai wa maigidan naka. Na ce masa malamai ne ke koya muku. Ya ce, "To, su me suke saidawa?"

Ni ma ina son sani. Ƙaƙa ake koyon ciniki ba haja, ba mai tayawa? A littattafan da nake karantawa, matafiyi da raƙuma yake komowa. Kai da me za ka komo?

Sarkin kasuwa ya ce in kaka ta yi rumfar tana wofi, wani zai ba. In a biro za ka zauna kana aikin ofis, ka gaya wa Baba da kanka, don kowace ranar kasuwa shi yake share ta.

Ka gaida abokan karatunka, ka sa mu cikin addu'a. Goron yana nan, Inna tana yayyafa masa ruwa.

Ƙanwarka,
Hadiza