Babana da Kunne Ya Koya Min Karatu

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, mako guda ke nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Babana mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan mitsitsi, tebur ɗaya, kujera ɗaya, sai wani akwatin katako da nake zama a kai. A nan na iya karatu. In na taso daga makaranta sai ya sa in buɗe littafi a gefen teburin, ya maƙala gilashinsa a ido, ya ce in karanta da ƙarfi. Ko kallona ba ya yi, amma da na yi kuskure sai ya ƙwanƙwasa tebur, dole in koma baya. Bai taɓa faɗa min daidai ɗin ba, wai malamin ƙwarai ba ya tauna wa ɗalibi. Har yau ban iya karatu a zuci ba, maigidana yana tsokanata wai rediyo ya aura. Ga shi yanzu ni ma malamar makaranta ce.

Makon jiya Baba ya rikita magungunansa, sai da aka kwantar da shi. A barandar asibiti ina ta faɗa, ta yaya mutum da karatunsa zai yi wannan ganganci. Goggo, ƙanwarsa, ta ja ni gefe ta ce Baba lambobi kaɗai ya sani, bai san ko harafi ɗaya ba. Ashe kunne yake kasa min kamar yadda yake kasa wa agogo. In muryata ta yi rawa, ko na ja numfashi inda bai dace ba, ya san akwai gyara.

Shekara shida yana gyara min karatun da shi bai iya ba, kuma ban tuna ranar da ya ƙwanƙwasa a banza ba! Ina kuka ina dariya.

Yanzu an sallamo shi da magani kala huɗu, ya ce zai karanta abinsa. In na nuna na sani, na tona asirin da ya rufe shekara talatin. In na yi shiru, tsoro nake a kuma.

'Yar mai gyaran agogo

'Yata, ni ma sai da na sake karanta wasiƙarki. Allah mai iko.

Mutuncinsa abin kiyayewa ne, amma rai yana gaba. Maganin kam yau za ki gyara shi, ba gobe ba. Ki je wurin mai ba da magani ya sake yi miki bayani, ki zana fuskar agogo a jikin kowace kwalba da lokacin shanta. Dattijo ko farfesa ne ana yi masa haka, babu tonon asiri a ciki. Goggo kuma kada ki ga laifinta, amana ta riƙe har ta ga rai na neman salwanta.

Batun sirrin, kada ki tsare shi da tambaya, kada kuma ki kai zancen gaban 'yan uwa. Amma godiya ba ta buƙatar tonon komai. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa duk malaman da kika yi babu kamarsa. In ya buɗe zancen, ki saurara. In ya yi murmushi ya kau da kai, ki bar masa kayansa. Kada dai ki bari sai ranar zaman makoki ki riƙa faɗa wa mutane abin da shi bai taɓa ji daga bakinki ba.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi miki albarka.