Ɗingishin Da Na Koya Wa Jikanki Ɓoyewa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma maganar nan ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Inna, angonki Nura ne, ɗana na fari. Yana kwance a asibiti a Katsina, gobe za a yi masa tiyata a ƙugu.

Kin san sana'ata, dillancin shanu. In bijimi mai ɗingishi ya zo hannuna, na san yadda zan tsayar da shi a kan yashi, in kora shi da sauri, mai saye ya duba bai ga komai ba. Kullum na dawo ina ba ki labari ina dariya, sai ki ce, "Wayon kasuwa, a tuɓe shi a zaure."

Wata biyu ke nan Nura ya fara kukan matsematsinsa na hagu. In ya yi gudu ya soke shi, in ya huta ya lafa. Ba kumburi, ba komai. Mai ɗori a Birchi ya murza, ya ce jijiya ce ta hau. Ga wasansu na ƙwallo da 'yan Kurfi ya matso, an ce masu neman 'yan ƙwallo za su zo kallo. Ni da bakina na koya masa: kada ya tsaya cak gaban koci, ya riƙa 'yan tsalle-tsalle, ya haɗiyi maganin ciwo kafin a fara.

Ba a kai hutun rabin lokaci ba ya zube. Ba wanda ya taɓa shi.

Likita ta nuna mini hoto. Wuyan ƙashin cinya, daidai inda yake shiga ƙugu, ya daɗe da tsagewa, gudun ne ya ƙarasa shi. Ta ce da an hutar da ƙafar tun farko, wataƙila da ya haɗe da kansa. Na ce zai sake ƙwallo? Ta ce mu fara roƙon ya taka.

Nura bai zarge ni ba, Innata. Tambayarsa ɗaya, wai ko masu neman 'yan ƙwallon sun rubuta sunansa kafin ya faɗi. Har yau na kasa gaya masa ba su ma zo ba.

Allah Ya haskaka kabarinki. Allah Ya ba likitan nan sa'a, Ya tashi yaron nan bisa ƙafafunsa biyu. Ƙwallon kam na yafe.

Ɗanki,
Sani, Dutsin-Ma