Na Nuna Wa Hajara Tabona

Daren Laraba, Magarya.

Yau Hajara ƙanwar maigidana ta zo daga Guci da ƙullutu a nono, wai jibi wanzami zai yi mata sakiya. Raina ya ɓaci. Ni ma wajen wanzami na ɓata watanni kafin likita ya ce ciwon daji ne.

Na ja ta ɗaki, na ɗaga rigata, na nuna mata tabon inda aka cire nawa. Sai hawaye.

"Yaya, ashe ana rayuwa haka?"

Na ce, "Wa ya daka furar da kika sha ɗazu?"

Ta yi dariya cikin kuka. Gobe da sassafe zan raka ta asibiti Damagaram, in Allah ya so. Na san halinta da tsoro, shi ya sa takalmanta suna ƙarƙashin gadona.