Rigar Da Aka Ɗinka Bayan Allurar Samariyam

Babba,

Ina gaisuwa. Tunda ka ce kada a haɗa numfashi da ni, ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa.

Wa ya ɗauke keken ɗinkina daga ɗakin nan? A dawo da shi. Na yarda aka yi mini allurar nan ne don ƙashin bayana ya daina ciwo in iya taka keke, ba don in zauna ina kallon bango ba. Matarka ta kusa haihuwa, rigar jaririn ko wuya ban yanka ba.

Uwarka.

*

Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Ni na ɗauke shi. Na karanta cewa samariyam ɗin da aka sa miki yana fitar da tururin nukiliya, kuma yana da haɗari ga mai ciki. Ba zan sa wa jariri abin da kika taɓa ba. Za mu saya a kanti. Ki yi haƙuri, ki huta.

Ɗanki mai biyayya.

*

Babba,

Na ga biyayyar.

Kai ka karanta, ni da likitar na zauna. Ta ce samariyam ɗin nan ƙarfe ne, kuma 'yan uwa ne da yawa. Wasu suna zaune lafiya har abada, ba sa taɓa kowa. Nawa mai zafin kai ne, yana ƙone kansa, bayan kwana biyu rabinsa ya tafi. Ta ce in yi nesa da matarka na ɗan lokaci, in kora ruwa sau biyu a banɗaki, in wanke hannu. Duk ina yi. Ba ta ce hannuna ya zama guba ba. Je ka tambaye ta, bakinka bai fi nawa nauyi ba.

Kai da ƙannenka duk a ɗinkina kuka fara shiga riga. Allurar ba warkar da ni za ta yi ba, ni da kai mun sani. Sauƙi ta ba ni, kuma ba zan ɓata shi a kwance ba. In keken bai dawo ba, da zare da allura zan ɗinka, da wannan idon nawa.

Ka gaida mai cikin.

*

Inna,

Barka da asuba. Na je wurin likitar. Sai da ta gama dariya ta amsa mini. Keken yana bakin ƙofarki, na sa masa mai.

An sauka lafiya, mace ce. In rigar ta samu, a ba ni.

Ɗanki.

*

Babba,

Barka. Ba zan ba ka ba, ranar da likita ta sake ni, da ƙafata zan kai.

Za ka ga ta yi mata yawa, kada ka yi surutu. Na bar lanƙwasa uku a ƙasan. In yarinyar ta yi tsawo ku warware ɗaya. Na nuna wa ƙanwarka yadda ake yi.

Uwarka.